Gurbi Ɗaya, Mu Biyu

A barandar ofishin Farfesa suka fara haɗuwa, kowa na jiran takardar shaida. Auta na rungume da kwamfutarta da caji ya ƙare, ga shi ranar za a rufe neman gurbin digiri na biyu a fannin ƙididdigar lafiya, karatun da ke bin alƙaluman marasa lafiya ya gano ko magani na aiki. Hawaye ya cika mata ido.

Wani dogon saurayi ya zare cajarsa daga bango ya miƙa mata.

"Ki sa taki. Kuka ba ya cajin batir."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Daga ranar take kiransa Dogo, shi kuma yana ce mata Malamata, don duk lissafin da ya shige masa duhu ita ke warwarewa. Jami'a ɗaya suka nema. Tare suka yi ta bitar intabiyu a ɗakin karatu har so ya kama su.

Baba bai yi na'am ba.

"Auta, mutumin da kuke takarar kujera ɗaya? Kanki yake so ya kwashe. Ga likitan nan ɗan aminina yana ta sintiri, kin ƙi ko kallonsa."

Sakamako ya fito. Jami'o'in da ta nema duk suka ba ta haƙuri, sai wadda suka nema tare da Dogo, ita kuma ta ajiye ta a jerin masu jira. Shekara ta uku ke nan tana nema. Ta kira Dogo, bai ɗauka ba. A bakin ƙawarta ta ji cewa shi an ɗauke shi.

Ta zauna a gefen gado, ta tura masa saƙo:

"Ashe gaskiyar Baba ce. Ka samu abin da kake so. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta shigo nan take:

"Malamata, kunya ce ta hana ni ɗaukar wayarki. Da wane baki zan faɗa miki na samu, ke da kika koya min kin rasa? Gobe zan rubuta musu na janye."

Ta kira shi tana kuka.

"Wallahi in ka janye mun rabu! Sadaka na ce maka ina nema?"

"To ya kike so in yi? Ba zan iya tafiya in bar ki ba."

"Ka tafi. Ni ma ina tafe."

Ta faɗa ne kawai, ba ta san ta ina ba. Ta roƙi izini a asibitin da take aiki, ta tattara alƙaluman jariran da ake sallama su dawo da zazzaɓi, ta yi nazari, ta aika wa kwamitin jami'ar. Shiru. Ta rame, abinci ya daina shiga, kullum idonta na kan imel.

Dogo kuwa ya je gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, na so in bar mata gurbina, ta hana ni. Ita kam ba zan iya barin ta ba."

Baba ya dube shi, sannan ya sallame shi.

Ana saura ƙiris a fara zango, waya ta yi ƙara tana tsaka da wanki. Shugabar sashen ce. Wani ɗalibi ya fasa zuwa, kuma kwamitin ya karanta aikinta, an ba ta gurbin.

Auta ta fito falo a guje, kumfa har gwiwar hannu, tana nuna waya tana cewa an ɗauke ta. Baba ya cire tabarau ya share ido.

"Kira min dogon nan. Ki ce ya turo manyansa. Ba zan tura ki wata uwa duniya kina ramewa a kansa ba."

Kafin su tafi aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannayensu biyu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da ilimi mai amfani."

Dogo ya sunkuyo ya raɗa mata, "Malamata, yanzu wa zai zo na ɗaya a aji?"

"Ka ma tambaya?" in ji ta, tana share hawaye.