Muryar Bayan Labule

"Sake! Daga farko!" Madam, mai horar da mu, ce ta sa aka sake tsayar da mu.

Karo na nawa ke nan, ni kam na daina ƙirgawa. Ina tsaye a wani lungu bayan labulen masrah, wato dandamalin wasa, inda ake jibge karyayyun kujeru, makirufo a gabana, gumi na bin bayana. Can gaba ƙarƙashin fitilu kuwa Rim ce cikin riga mai ƙyalli, tana buɗe baki tana rufewa.

Ita ke motsa leɓe, ni ke waƙa. Haka aka tsara wasan. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi!

Ranar dai haƙurina ya ƙare. Muna tsakiyar baitin da ake jan murya, kawai na ja bakina na tsuke. Rim ta rage tsaye hannu a sama, baki a hangame kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. 'Yan rawa suka kwashe da dariya.

Fuu ta bankaɗo labulen ta yo kaina.

"Inti majnuna?! Hauka kike? Da gangan kika yi!"

"Tari ne ya sarƙe ni."

"Tari! In baƙin ciki kike, me ya hana ki karɓa da aka ba ki? Ke Madam ta fara zaɓa, kika ce ba kya so a ga fuskarki."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

"Ni? Yaushe na ce haka?"

Ta yi wani murmushi mai ciwo, tana gyara ɗan kunne.

"Tambayi habibinki mana... ai shi ne tafinta."

Madam Baturiyar Ingila ce. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana waƙa da rawa a dandamalin Landan, da gwiwoyi suka gaza ta zo Jidda horar da mu. Larabcinta bai wuce shukran da yalla ba. Ni kuma Turancina na sayen kaya a kanti ne. Duk maganar da za ta shiga tsakaninmu sai ta bi ta bakin Abdulwahid, mai kula da sautin masrah, mutumin da nake shirin aure.

Na same shi zaune gaban na'urarsa, yana ta murɗa maɓallan da ba su buƙatar murɗawa.

"Abdulwahid, kalle ni."

Bai ɗago ba.

"Me Madam ta ce ranar gwaji?"

"Habibti, bari a tashi mu yi magana a mota..."

"Me ta ce?!"

Ya sauke numfashi.

"Ta ce ke ce tauraruwar wasan."

"Kai kuma ka ce min ta ce muryata ta yi, amma jikina bai iya tsayuwa a dandamali ba. Na je gida na kwana ina kuka! Na bi madubi ina neman abin da ya lalace a jikina! Ashe kai ne?"

"Don mu na yi, ya albi. Wallahi don mu."

"Wane mu?"

"Umma ce. Kin san da ƙyar ta yarda da maganarmu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kar fuskarki ta fito. Ta ce murya a bayan labule ba a san ta wace ce ba, amma in kika hau, duk unguwar Safa za a ce ɗanta ya ɗauko..."

Ya mayar da hannu kan maɓallansa.

"Ƙarasa mana. Jikar ɗaggaga!"

Na san kalmar tun ina rarrafe. Sitti Sadiyya, kakata da ta raine ni, ɗaggaga ce, cikin matan da ke kaɗa ganga suna waƙa a bikin mata. Babu gidan da ba a yi rawa da muryarta ba a unguwarmu ta Nuzla. Ita kanta Khala Zubaidatu, mahaifiyar Abdulwahid, Sitti ce ta yi mata waƙar amarya. Amma tunda suka samu mota suka koma bene a Safa, sai ganga ta zama abin kunya. A biki a neme mu, a aure a guje mu.

"Tashi," na ce.

"Ina za mu?"

"Wurin Madam. Bakin da ya ƙulla shi zai kwance."

Ya miƙe ba don yana so ba. A gaban Madam ya fara Turanci yana in-ina. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba, amma na ga fuskarta ta yi jawur har kunnuwa, sai na san wannan karon gaskiya yake fassarawa. Ta cire gilashinta ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama hannuna ta yi doguwar magana, shi kuma yana fassara min, kansa a ƙasa.

"Ta ce ita ma ta yi shekaru a gefen dandamali, da kwalliya da komai, tana jiran tauraruwa ta yi mura a sa ta a madadinta. Ta ce ta san zafin. Amma an riga an buga hoton Rim, an manna a gari, ba za ta iya canzawa ba."

"Shi ke nan?"

"Ta ce akwai wasan ranar Talata da la'asar, na 'yan makarantar mata. In kina so, naki ne."

Talata da la'asar! Lokacin da mutanen kirki ke barcin rana. Duk da haka na ɗaga kai na ce ina so.

Muna fita ya sha gabana.

"Mastura, Alhamis Umma za ta zo gidanku neman aure. Kin manta? In kika hau Talata, wallahi ba za ta zo ba."

"Kai fa? Za ka zo?"

"Uwata ce, ya ruhi..."

"Ban tambaye ka ko wace ce ba. Na ce za ka zo?"

Idonsa ya ciko da ƙwalla. Abin haushin, ina son sa. Ina son yadda yake ajiye min ruwan ɗumi da zuma kafin in fara waƙa, da yadda yake gane na gaji tun kafin ni in gane. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi.

"Ki yi haƙuri wannan karon kawai," ya ce. "In an ɗaura, a hankali zan shawo kanta."

"Wanda ya ɓoye ni tun ina gidanmu, in na shiga gidansa a ina zai saka ni?"

Ya kauce ya ba ni hanya.

A gida na zayyana wa Sitti komai, tana zaune tana gasa fatar gangarta a kan rushi. Na zaci za ta zage su tas. Sai cewa ta yi:

"Ke dai 'yar nema, da kin gado ni a kyau da ba a ɓoye ki ba."

"Sitti, da gaske nake!"

"Ni ma da gaske nake. Yaron yana son ki, wannan ba ƙarya. Tsoron uwarsa ne ya fi son yawa. Ki zaɓi wanda in kin tsufa ba za ki tsine wa kanki a kansa ba. Halas, magana ta ƙare, miƙo min mafici."

Talata na hau.

Rabin kujerun babu kowa. Sauran kuma 'yan mata ne cikin kayan makaranta, suna cin gyaɗa suna danna waya. Rigar Rim aka rage min, tana matse ni a hammata. Na buɗe baki... sai na ji muryata ta cika ɗakin, tas, kamar ba tawa ba. Wayoyin suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Can baya na hango Abdulwahid cikin duhu, hannunsa kan na'ura, yana bin kowane numfashina. Bai taɓa gyara min sauti kamar na ranar ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Da aka gama 'yan matan suka miƙe suna tafi da ihu. Wata baƙa siririya a layin gaba tana ta tambayar malamarsu sunana. Madam ta rungume ni tana kuka tana Turanci, na waiga neman mai fassara min, kujerarsa wayam. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi.

Alhamis tun da hantsi Sitti ta sa aka share falo, aka turara shi. Ta dafa gahawa mai yawan hel don ƙamshi, ta jera dabino da ma'amul, cincin ɗin Larabawa, a farantin da ba a fito da shi sai da babban dalili.

"Sitti, na faɗa miki ba za su zo ba."

"Ba su aiko sun ce sun fasa ba. Ba za a ce gidan Sadiyya aka zo aka tarar ba shiri ba."

Na yi wanka na sa jan leshi, ina zagin kaina a zuci. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta taga. Aka yi la'asar. Rana ta yi sanyi, yara suka fito ƙwallo, mai gas ya wuce yana buga tukunyarsa.

Wayata ta yi ƙara sau ɗaya. Sunan Abdulwahid ne. Kafin in kai hannu ya katse, bai sake kira ba.

Sitti ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ta jawo butar gahawar ta tsiyaya a ƙaramin finjali, ta miƙo min da hannun dama, yadda ake miƙa wa babban baƙo.

"Sha, ya binti," ta ce. "Ke aka dafa wa."