Katin da Auta Ta Dangwala wa Jini

Kowace Asabar da yamma 'ya'yan Tela kan share teburin falo su zauna wasansu na mayaƙa da matsafa. Yaya, babbansu, shi ke jan labarin yana yanke hukunci, sauran su jefa ɗan lido mai fuska ashirin su ga abin da ya sami jarumansu. Auta, 'yar shekara sha tara, matsafiya ce jarumarta, kuma ta gaji da yadda ake kashe mata ita. Sai ta ƙirƙiro nata tsafin a kati: matsafiyar za ta yanki hannunta, ta kira wani suna sau uku, kowane ɗigon jini ya karya ƙashin maƙiyi. Sunan kuwa da kanta ta haɗa shi.

"Wannan ai son kai ne," in ji Yaya yana dariya. "Ban karɓa ba sai da sa hannu."

Ta ɗauko allurar keken ɗinkin Baba, ta soki yatsa, ta dangwala jinin a kan katin. Ta kira sunan sau uku daidai lokacin da rana ke faɗuwa.

Dutse ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya fasa taga. Baba ya zagaya gidan da almakashi a hannu, bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar falon ya yi tsit, Auta tana tsaye, ta gartsa wa hannunta cizo, jini na ɗiga kan tebur. Ta kama damtsen Yaya ta murɗe. Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Ta buga fuskarsa da bango har haƙori ya fita. Sai da mutum huɗu suka danne ta, Baba ya ɗaure ta da yadin mutane yana hawaye.

Kwana biyu ana jifa kafin Malam ya zo, wani dattijo mai ƙaramar murya. Ya zauna kusa da kan Auta, ya daɗe yana karatu. Can ta buɗe baki, muryar namiji ta fito, mai kauri.

"Ita ta kira ni. Sunana ne."

"Wasa take yi. Ba ta san ka ba."

"Jinin ma wasa ne? Na sha, ina son ƙari. Ku yanka mini rago in tafi."

"Ko kaza ba za a yanka maka ba."

Malam ya ɗaga murya. Jikinta ya banƙare, igiyar yadin ta yanke mata fata, Mama ta toshe kunnuwa.

"Ya isa, kana ƙona ni! To a ba ni sunana. Kada wani baki ya sake kiransa."

Malam ya karɓi katin, ya cinna masa ashana. Ya sa kowa ya yi alkawari, har Yaya, da kumburarren bakinsa. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale.

Da ta farka, Yaya ta fara gani, hannu a ɗaure, fuska a fashe.

"Yaya, wa ya yi maka haka?"

Ya dubi Baba, ya dubi Mama. Ba wanda ya ɗaga kai.

"Daga babur na faɗo," ya ce. "Sha ruwa."