Tambarin Cikin Dunduniya

“Ki cire min wannan abin, Auta... cin ƙafata yake yi.”

Sai da ta ƙarasa ɗinkin da ke hannunta sannan ta ɗago.

Dogo ne tsaye a bakin shagon gyaran takalman babanta. Wata huɗu rabonta da shi, tun ranar da mahaifiyarsa ta rantse 'yar mai gyaran takalmi ba za ta shigo mata gida ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai bai kare ta ba.

Ya ajiye takalmin a kan tebur. Mai yatsun nan ne marar nauyi, kowane ɗan yatsa da gidansa, irin wanda 'yan gudu ke sawa ba safa.

Ta ɗauka ta juya shi.

Ita ta ɗinka shi! Sati uku tana fama, ta haɗa da wasiƙa ta ba ƙawarta, 'yar baffansa, ta kai masa. Amsa ba ta zo ba. Abin da ya zo labari ne, wai 'yar baffan za a aura masa.

Yau ga tambarin shagon kayan wasannin ƙawar a cikin dunduniya, ƙyalle mai kaushi, an ɗinke shi da zaren roba. Wato aikinta ya miƙa wa amaryarsa ta sa sunanta!

“Ran Asabar nake da gasar gudu,” ya ce a hankali. “Hannunki kawai na yarda da shi.”

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

“Ka dawo gobe.”

Yana fita ta ɗauki reza. Ta farke ƙyallen tas, zare bayan zare. Amma guntayen zaren robar ba ta zare su ba. Ta ƙyasta ashana ta ɗan lasa musu wuta, suka dunƙule suka yi tsini kamar ƙaya. Ido ba ya gani, sai an yi nisa da gudu.

“Yadda ka ci min zuciya, shi ma ya ci maka ƙafa!”

Ran Asabar da la'asar sai ga shi yana ɗingishi, dunduniyoyinsa duk jini. Na tara ya zo, shi da ake sa wa ran na ɗaya.

“Tun zagayen farko na san aikinki ne,” ya ce. “Ban tsaya ba. Na san hakkinki nake biya.”

“Hakkina? Ko kwata ba ka biya ba! Na ɗinka maka takalmi da hannuna, ka ba wata ta manna sunanta...”

“Ke kika ɗinka?”

Ya dafa bango.

“'Yar baffana ce min ta yi daga waje ta yo min odarsa. Ta ce ke kuma kin ce kar na ƙara zuwa inda kike...”

“Wasiƙata fa?”

“Wace wasiƙa, masoyiyata?”

Auta ta dubi jinin da ke ƙafarsa, hawaye ya zubo mata. Ta share da bayan hannu. Ba lokacin kuka ba ne. Ta jawo aljihun tebur ta zaro takardar da ta zana ƙafarsa a kai.

“Mu je gidanku. Yanzu!”

A falo suka tarar da mahaifiyarsa, 'yar baffan na gefenta tana yanke mata farce.

“Umma, ina wuni,” Auta ta ce, ta juya. “Ke kuma ƙawata, tunda ke kika yo oda, wane yatsansa ne ya karkace, har aka faɗaɗa masa gida?”

“Ni... ai... babban ne.”

“Ƙaramin na hagu ne, munafuka! Ga zanen!”

Ta shimfiɗa takardar, ta ɗora takalmin a kai. Ya zauna daram.

'Yar baffan ta fashe da kuka, wai so ne ya ja ta. Umma ta janye hannunta daga nata kamar ta taɓa garwashi.

“Tashi ki ba ni wuri. Kin mai da ni sakarya a gidana!”

A ƙofar gida Dogo ya sha gaban Auta.

“Ki yafe min, hasken idona...”

“Ƙafarka na yafe wa, ita ba ta da laifi. Kai kuwa da sauranka. Wadda ta ce ba zan shigo gidanta ba, ita za ta tako har shagonmu.”

Kwana uku Umma tana haɗiyar girman kai. A na huɗu ta zo.

Baban Auta ya nuna mata benci tsakanin tsofaffin takalma.

“Bismillah, Hajiya. Bari na gama da wannan, mai shi ya riga ki zuwa.”

Sa'a guda cur tana zaune, warin gam na hawa mata kai, kafin ya ajiye guduma ya saurari roƙonta na a ba ɗanta auren Auta.

Auta tana bayan labule tana jin komai. Sai da Umma ta ce “don Allah” sau uku sannan ta fito ta gaishe ta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aurenta da Dogo.