Tauraro Ɗaya Don Kaka

Akwai wata yarinya a Dutsin-Ma, 'yar aji biyar. Ga ƙoƙari, ga tsoron kunama. Tun da wata ta taɓa harbinta, ko tsinke ta taka sai ta daka tsalle.

Ran nan Malama Justina ta ce wa ajinsu, "A ƙarshen makon nan taurari masu gilmawa za su yi yawa. Ku nemi wuri mai duhu, ku kashe fitila, ku jira."

Yarinyar ta riƙe zancen taurari. Zancen fitila kuwa a aji ta baro shi.

Ran Juma'a Baba ya kai ta Barkiya wurin Kaka Kande. Kaka ta daɗe ba ta gani. Yarinyar ta ba ta labarin taurarin.

Kaka ta ce, "Da ina yarinya, ba abin da nike so kamar kallonsu. Ki gano mani ko guda, ki ba ni labari."

"Na yi alkawari, Kaka."

Bayan sallar isha yarinyar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tocila a hannu. Ta ɗaga kai. Wani abu ya motsa cikin kara, ta haska. Ganye ya faɗo, ta haska. Duk sanda ta mayar da ido sama, sai ta ga baƙi ƙirin.

Da safe Kaka ta ce, "Kin gani?"

"Ban gani ba."

"Ba komi, 'yar nan."

Wannan ba komi ɗin ya fi faɗa ciwo.

Daren Asabar ma haka aka yi. Tana jin yaran maƙwabta suna cewa, "Ga wani can!" Kafin ta waiga ya wuce. Ta kife kai a gwiwa ta yi ta kuka.

Baba ya fito ya ce, "Ɗiyata, mi ya faru?"

"Idona ne ba shi da kyau, Baba. Kowa na gani ban da ni. Gobe za mu tafi, ban kawo wa Kaka komai ba."

"Mi malamarku ta ce game da fitila?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta ce a kashe."

"Ido sai ya daɗe cikin duhu yake sabawa. Duk haskawar da kika yi, aiki ya koma farko."

"To kunama fa?"

Baba ya haska amalanken gidan, ya kakkaɓe shi tsaf, ya ɗora ta a kai. Ya karɓe tocilar. "Kwanta rigingine. Kada ki kafa ido wuri guda."

Kaka ta lallaɓo da sandarta, ta riƙe mata ƙafa.

Shiru, shiru. Sanyi ya dami yarinyar. Zuciyarta ta ce, yau ma babu. Amma ba ta motsa ba. A hankali ƙananan taurari suka yi ta fitowa, har sama ta cika.

Sai wani farin haske ya tsaga sama, ya ɓace.

"Kaka, na gani! Fari ne, ya ja dogon layi ta saman kukar bayan gida."

"Ta saman kukar?" in ji Kaka. "Nan nike ganinsu a da." Ta matse ƙafar yarinyar. "To, ni ma na gani."

Tun daga ranar, in malami na bayani, yarinyar takan saurara har ƙarshe. Ta gane cewa wanda ya riƙe rabin umarni wahala zai sha, kuma abu mai kyau yana son haƙuri.