Ƙarar da ke Cikin Injin Malam Muhuyi

Yamma ce kamar kowace yamma a Zongon Kwatano. Iska mai gishiri tana shigowa daga teku, 'yan zemijan masu hayar babur suna dawowa daga kasuwar Dantokpa, rediyon maƙwabta yana ta Faransanci kan babban taron ƙasa da aka gama da zaɓen da ake jira. Kowa a unguwa yana maganar sabuwar rayuwa. A gidan Malam Muhuyi makanike kuwa, kwana hamsin ke nan da aka kai maigidan makwancinsa.

Ya bar matarsa, Inna Shafa'atu, tana takaba. Ya bar ɗansa Badarou, wanda ya fita daga lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu ya bi shi garaji, da 'yarsa Karimatou, ƙanwar Badarou. Ya kuma bar tsohuwar baƙar mota ƙirar Faransa a ƙarƙashin rumfar kwano, wadda ta girmi Badarou da shekara biyu. Akwai wata ƙara a cikin injinta, ƙwas, ƙwas, da ba ta zuwa sai ƙarfe ya yi zafi. Malam Muhuyi ya ce ya gane ta, zai nuna wa ɗansa ranar Asabar. Ranar Alhamis ya rasu.

Shi marigayin da kunne yake aiki. Yakan ɗora sanda a jikin inji, ya kafa kunne a ɗaya bakin, ya lumshe ido kamar mai jin karatu. Badarou ya gaji sandar, kunnen ne bai gada ba. A wannan yammar ya kunna motar har ta yi zafi, ya saurara, ya saurara, bai ji komai ba sai rashin ubansa. Haushi ya kama shi. Ana kiran sallar magariba ya kwance bututun lagireto, tafasasshen ruwa ya kwarara cikin kwatar da ke bin gindin rumfa. Bai jira ya huce ba, bai yi bisimilla ba.

Kafin tururin ya baje, dutse na farko ya faɗo kan kwano. Sai na biyu. Badarou ya leƙa lungu, babu kowa. Duwatsun da ya tsinta a tsakar gida da ɗumi a jikinsu. Karimatou tana alwala a bakin kwata, ta ajiye buta a hankali, ta miƙe, ta tako har gaban motar da irin tafiyar mai ciwon gwiwa.

"Kai, ɗan samari," in ji ta. "Cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cire inji bai sake murya ba, shi ne matacce."

Muryar Malam Muhuyi ce, har da 'yar shaƙewar nan ta mai cin goro. Inna Shafa'atu ta saki kwanon da ke hannunta. Badarou kuwa ya yi abin da aka ce. Buji na uku, wato fulogi, shi ne matacce.

Da gari ya waye Inna ta aiki Badarou unguwar Ladji ya kira Malam Sirajuddeen, mai ruƙiyya, tunda ita ba ta da halin fita. Ya tafi har bakin gada, ya tsaya yana kallon jirage a ruwa, ya juyo. Ya ce mata malam ya yi tafiya Parakou.

Haka aka yi kwana tara. Da rana Karimatou tana kwance, ba ci, ba magana, idonta a rufin ɗaki. Rana na faɗuwa sai duwatsu, sai ta taso. Muryar ta koya masa karanta hayaƙi: fari ruwa ne, shuɗi mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa. Ta yi masa tsiya kan yadda yake riƙe sifana, ta ce ko mai dakan sakwara ya fi shi tausayin ƙarfe. Har dariya Badarou ya yi, ta farko tun ranar jana'iza. Amma duk lokacin da ya tambayi ƙarar nan, sai a ce gobe. Wuyan Karimatou yana ta tsawo, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Rana ta goma ya ɗaga ta zai ba ta koko, ya ji ba ta fi nauyin batir ba. Ya ajiye kofin, ya tafi Ladji da ƙafa.

Malam Sirajuddeen ya zo bayan la'asar, tsoho siriri mai ɗaurin rawani sako-sako. Bai tambayi dalilin jinkiri ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, ya zuba habbatus sauda a garwashi, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin Karimatou ta fara murɗewa.

Malam ya tambaya wane ne. Muryar ta ce Muhuyi ne, maigidan. Malam ya ce matattu ba sa dawowa, ya ƙara ƙarfin karatu. Sai muryar ta tsage kamar tsohon ƙyalle, wata ta fito daga ƙarƙashinta, siririya, busasshiya.

Mai muryar ya ce shi aljani ne, mazaunin kwatar nan tun kafin a kafa rumfa. Shekara ashirin yana jin Muhuyi yana magana da ƙarfe, har ya haddace shi. Muhuyi bai taɓa zubar da ruwa ba sai ya huce, sai ya yi bisimilla ya ce a kauce. Wannan yaro ya ƙona masa baya.

"Ramuwa na zo yi," in ji shi. "Da na yi magana da muryar ubansa sai na ga yana sauraro. Ni ma tun da mutumin nan ya tafi ba wanda ya kula da ni."

Malam ya ce ya fita. Aljanin ya ce zai fita, amma a bar masa yarinyar kwana uku, zai faɗi asalin ƙarar, don ya ji Muhuyi yana faɗa wa kansa ita daren Laraba. Malam ya ce ko sa'a ɗaya ba za a ba shi ba.

"Ba kai ka riƙe ni ba, malam. Ga wanda ya riƙe ni. Shi zai ce."

Malam Sirajuddeen ya juyo ya dubi Badarou. Inna ma, daga bakin ƙofarta, ta dube shi. Sai muryar Muhuyi ta dawo, a tausashe, yadda yake yi in ya ga ɗansa ya gaji: "Ɗan samari, ba ka so ka sani?"

Badarou ya dubi ƙasusuwan wuyan ƙanwarsa.

"Ina so," ya ce. "Ka tafi."

Aka yi sharaɗi. Za a zuba guga bakwai na ruwan sanyi a kwata, ba za a ƙara kunna inji tsakanin magariba da lisha ba, shi kuma aljanin zai koma bakin ruwa can bayan unguwar Avotrou. Malam ya sa shi ya rantse. Karimatou ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta nemi ruwan sha da muryarta.

Bayan mako biyu ta fara fitowa tsakar gida. Wata safiya ta sami Badarou zaune kan gwangwani a gaban motar, bai kunna ta ba. Inna ta riga ta gaya mata komai, har da zancen Parakou. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za ta ce, ya san ya cancanci kowane iri.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jingina da taya.

"Yaya, an ce kwana tara Baba yana magana da bakina. Kowa ya ji shi, har maƙwabta. Ni kaɗai ban ji ba. Ya tambaye ni kuwa?"

Badarou ya bi kwanakin nan tara ɗaya bayan ɗaya, yana nema. Buji, hayaƙi, sifana. Bai sami komai ba.