Jinin da Ya Shiga Birni

Jinin mutum nasa ne, ko na wanda zai mutu in babu shi? Ni dai har yau ban samu amsa ba.

A ƙofar Birnin Ƙarau akwai na'urar da ake kira Idon-Jini. Ka ɗora tafin hannu, ta haska: kore ka wuce, ja ka koma. Abin da take nema shi ne garkuwar da jiki ke ƙerawa bayan ya yi karo da murar tsuntsaye. Sai dai ba ta bambanta mai ciwo da wanda ya daɗe da warkewa. Tabo kawai take gani.

Tanimu yana aiki a benayen kaji da ke bayan ganuwa. Al'adar ma'aikatan wurin ce in kaza ta fara layi a yi maza a yanka ta kada ta zama mushe. Ta haka cutar ta ratsa su, wasu ko tari ba su yi ba. Tun ranar da na'urar ta yi masa ja bai sake taɓa 'yarsa Kuluwa ba. Tana cikin birni wurin gwaggonta. Ta allon waya ya ga ta yi wawulo, ta allon ya ga haƙoran sun fito.

Da annobar ta ɓulla a birnin, sai Dakta Asabe ta zo musu da motar ɗibar jini.

"Malam Tanimu, garkuwar jikinku ce maganin. Ku taimaka."

"Ikon Allah! Likita, jiya jininmu ƙazanta, yau ya zama zuma? A buɗe mana ƙofa tukuna."

"Wallahi ba a hannuna take ba. Hukuma ta ce na'ura ba ta ƙarya."

"To, ta ba ku jinin."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, suka yi alkawarin ba wanda zai miƙa hannu.

Washegari gwaggo ta kira. Kuluwa ce kwance, roba a hanci.

"Baba, har yanzu ja ne?"

Tanimu ya ajiye wayar, ya nufi motar ɗibar jinin.

Abokinsa Gambo ya tare shi a hanya. "In ka ba su, mun rasa makaminmu. Ƙofar ta rufu ke nan."

"Na sani, Gambo."

Ya naɗe hannun riga. Da ledar jinin ta cika ya roƙa a ba shi, ya rungume ta a ƙirji, da ɗuminta.

"Likita, ki ce mata ni ne."

Motar ta shige birni ba wanda ya tsayar da ita. Tanimu ya bi ta har ƙofa, ya ɗora tafinsa.

Ja.