Wanda Ya Amsa wa Sallau Mai Eriya

Ku matso. Kai Isiya, daina wasa da fitilar nan, ba zan maimaita ba.

Sallau mai ɗaura eriya ne a bayan ganuwa. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana saman soro riƙe da gorar eriya, ɗaya yana ɗaki gaban talabijin yana faɗa masa ko hoto ya kawo. Kuma kafin a taka tsani, sai an ɗaga murya: "Za a hau sama! Maƙwabta a kimtsa!" Kowa ya san wannan.

Ran nan abokin aikinsa Ɗanliti yana kwance da zazzaɓi. Sallau ya tafi shi kaɗai sabon gidan wani Malam Badamasi, rana ta yi ja. Maigidan ya ce, "Ka bari sai gobe mana, magariba ta kawo kai."

"Haba Malam, yanzu zan sauko."

Malam ya wuce masallaci. Sallau ya dubi gidan da ke maƙwabtaka, kango ne, babu ko ƙofa. Ya ce a ransa, wa zan yi wa shela? Ya ɗaura wayar eriya a ƙugu don hannunsa ya samu sake, ya haye shiru. Kaico!

Yana ɗaga gorar sai murya ta taso daga ƙasa.

"Bai kawo ba."

Muryar Ɗanliti ce sak. Sallau ya ji daɗi. "Ɗan banza, ashe ka warke?"

"Matsa baya."

Ya matsa.

"Ya fara kawowa. Ƙara."

Ya ƙara. Idonsa na sama kan eriya, ƙafarsa na ja da baya.

"Saura kaɗan."

A nan ya tsaya cak. Ɗanliti sarkin surutu ne, bai taɓa barin zagi ya wuce bai rama ba. Wannan muryar kuwa ko numfashi babu a cikinta. Sallau ya waiga unguwa. Duhu ko'ina, an ɗauke wuta, ba ƙarar inji ko ɗaya. To wace talabijin ake kallo?

Kuma muryar ba daga ɗaki take fitowa ba. Daga kangon take.

Ya sauke ido a hankali. Dugadugansa na bakin soro. Can ƙasa, a tsakar kangon, mata ne zaune ana yi musu kitso, gashinsu ya malala har bakin zaure. Duk sun ɗago suna kallonsa. Wata tsohuwa ta buɗe baki, muryar Ɗanliti ta fito.

"Ka hau mana kai ba sanarwa. Taku ɗaya ya rage."

Wallahi ƙafarsa da kanta ta taka iska. Wayar nan ta ƙugunsa, da ta sarƙe a ƙarfen taga, ita ta riƙe shi. A haka masu dawowa daga masallaci suka same shi, yana lilo a jikin bango, bakinsa na salati.

Ya rayu. Amma idon da ya fara leƙa kangon, na hagu, bai sake ganin komai ba sai yayyafin nan na talabijin marar tasha.

Ni na gan shi bara. Ko kan benci zai taka, sai ya ce, "Za a hau sama." Yara na yi masa dariya, ni kam ban yi ba.

Don haka kar wanda ya hau soro shi kaɗai da magariba. In kuwa aka ce maka matsa baya, fara duba wanda ya faɗa.